Waɗanda Suka Ɗauki Torquil

"Ba a mota ba," in ji Torquil, ya kawar da kai daga cokalin.

Dolina ta tsaya riƙe da kwanon kunu. Ita ce maƙwabciyarsa, katangar duwatsu ɗaya ta raba gonakinsu, kuma tun da ciwo ya kwantar da tsohon ita ke shigowa safe da yamma ta hura masa wuta, ta juya shi, ta yi masa faɗa.

"Wace mota kuma, Baba Torquil? Buɗe baki."

"Kin san wadda nake nufi. Doguwar baƙar nan da ke zuwa daga gari. In na tafi, ta daji za a bi da ni, a hannun mutane, yadda aka kai Peigi."

Peigi matarsa ce, ta rasu tun Dolina tana amarya. Maƙabartar ƙauyen tana Kilvaran, can bayan daji a bakin teku, gefen tsohon cocin da rufinsa ya faɗi tun zamanin kakanni. A da ba wata hanyar zuwa sai ta tsakiyar dajin, maza su jeru layi biyu suna karɓa-karɓar makara. Daga baya aka yi kwalta ta zagaye ta gaɓar teku, mota ta karɓe aikin, maza suka huta. Sun ji daɗin hutun kuwa, ko da yake ba wanda ya taɓa faɗa da bakinsa.

Torquil ya juya ido ga taga. Dajin na nan inda yake, fili har iyakar gani, ba bishiya ko ta magani, sai gajerun ciyayi da suka yi jan fure, da baƙaƙen ramukan da ake yankan lakar wuta, wadda ake busarwa a ƙona maimakon itace.

"Kai da kake shan kunu kamar saurayi," in ji Dolina. "Bar wannan zancen."

"'Yar Lachie," in ji shi, yana kiranta da sunan mahaifinta, "daina yi mini wayon yara. Ki ce za a yi."

"Na ji."

"Ban ce ki ji ba. Cewa na yi ki ce za a yi."

"To, za a yi."

Ta faɗa ne don ya buɗe baki ya sha kunu. Amma maganar na fita ta ji nauyinta ya sauka mata a ƙirji, don ta san Torquil bai taɓa roƙon kowa komai ba, ko aron allura.

Bai daɗe ba bayan nan. Wata rana da hantsi ya rasu, Dolina tana shanyar zannuwansa a bayan gida, 'yarsa Ishbel, wadda ta iso daga birnin Glasgow jiya-jiya, tana riƙe da hannunsa. Ishbel ta leƙo ƙofa ta kira sunanta sau ɗaya, Dolina ta gane. Ta ƙarasa shanya zanen da ke hannunta, sannan ta zauna a kan katanga ta yi kuka sosai, irin wanda rabonta da shi tun mutuwar mahaifinta.

Da yamma aka taru a kicin ɗin mamacin. Norrie, dattijon coci, wanda ba a binne kowa a ƙauyen sai da tsarinsa, ya saurari Dolina har ta gama, sannan ya ajiye kofin shayinsa a hankali.

"Allah ya jiƙan Torquil, amma su wa za su ɗauka? Dubi ƙauyen nan, Dolina. Samari duk suna teku ko birni. Mu da muka rage, in aka haɗa haƙoranmu ba za su cika baki ɗaya ba."

"Ni zan ɗauka," in ji Hector, mijin Dolina, daga bakin murhu.

"Kai?" in ji Dolina, tsoro ya kama ta. "Da ƙugun nan naka mai kuka kamar tsohuwar ƙofa?"

"Ke kika yi alkawari, yanzu kuma ke ce mai hanawa?" Ya juya ga Norrie. "Torquil ya ɗauki ubana ta hanyar nan cikin ƙanƙara. Ya ɗauki naka ma, Norrie, yana gaba, na gan shi da idona."

Norrie ya ture kofinsa gefe. Mutum ne mai taurin kai, amma ba butulu ba ne. Ya ce a nemo tsohuwar makarar a ɗakin ajiyar coci, a duba ko sandunanta ba su ruɓe ba.

Ranar jana'iza gari ya waye da yayyafi. Aka yi addu'a a cikin gida, maza suka fito da akwatin suka ɗora a makara, suka kama hanyar tudu cikin baƙaƙen kwat ɗinsu masu warin akwatin ajiya. Mata suka tsaya a bakin ƙofa, don nan ne iyakarsu. Haka aka taras: mace ta wanke, ta yi kuka, ta dafa shayi, amma ba ta bin gawa, balle ta taɓa makara.

Dolina ta tsaya tana kallo. Tun ba su gama hawa tudun farko ba ta ga an canja hannu sau da yawa, ta ga Hector yana jan ƙafa. Hankalinta ya ƙi kwanciya. In suka kasa, ita ce ta yi wa matacce ƙarya. In kuma Hector ya faɗi a can, ita ce ta tura shi. Ta shiga ciki ta cika babban filas da shayi, ta saka takalmin roba.

"Ina za ki, Inna Dolina?" in ji Ishbel.

"Shayi zan kai musu."

"Jira ni."

Effie, matar Norrie, ta dube su sama da ƙasa, ta naɗe burodi da cuku a tsumma, ta bi su. Kafin su wuce gonar ƙarshe wasu matan sun biyo baya, kowacce da hujjarta a hannu, wata ma kofi ɗaya tak ta ɗauko.

Hanyar ta kusa shafewa, amma ƙafafunsu sun san ta. Suka wuce ramukan lakar wuta, inda kowace bazara suke ciko kwando su goya a baya zuwa gida. Suka wuce kufan bukkokin duwatsu inda suke kwana da shanu suna 'yan mata, Effie ta nuna wa Ishbel wadda uwarta Peigi ke kwana a ciki, yanzu tunkiya ce kwance a ƙofar. A tarin duwatsu na farko, inda ake sauke makara a huta kowa ya ƙara dutse, suka ga sababbin duwatsu a sama, laka ba ta bushe a jikinsu ba.

A tari na biyu suka cim musu, bakin babban dausayin da ƙasa ke rawa in an taka. Akwatin na kan duwatsu, mazan zube a kan ciyawa suna haki. Fuskar Hector ta yi fari kamar toka. Wani tsoho ya dafe ƙirji, ya kasa ko ɗaga kai. Norrie kaɗai ke tsaye, da taimakon sanda.

"Mun yi iya yinmu," yake cewa. "Allah ya gani. Mu juya, gangara ce, a kira mota."

"Gawa ba ta komawa baya," in ji Hector, da ƙyar. "Ka fi kowa sani. Ba a taɓa yi ba."

"To a nan za mu bar shi? Ko a nan za mu ƙara masa abokan tafiya?" Sai idonsa ya faɗa kan matan. "Ku kuma me ya kawo ku?"

"Shayi," in ji Effie.

Aka sha shayin. Yayyafi ya jiƙa murfin akwatin yana ɗiga ta gefe. Dolina ta dubi hanyar gida, ta dubi dausayin. Ba mai jayayya da dattawa ba ce, ko a gida muryarta ba ta wuce kicin. Ta ajiye filas ɗin, ta matsa, ta kama sandar gaba ta hagu da hannu biyu.

"Dolina," in ji Norrie. "Mata ba sa ɗaukar gawa."

"Haka ne, Dattijo. Gawa kuma ba ta komawa. Sai ka zaɓi al'adar da za a karya yau. Ni dai na ce wa mutumin nan za a yi."

Ishbel ta zo ta kama ta dama, hawaye na zuba, ba ta share ba.

"Effie, yi musu magana," in ji Norrie.

"In ce musu me? Wutar da kake ɗumi da ita tun da na aure ka, wa ya goyo maka lakarta daga dajin nan? Jaki? Matsa, malam, kana tare hanya." Ta miƙa masa tsumman burodi, ta kama sandar baya, wata matar ta kama ɗayar.

Wani daga cikin tsofaffin ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Norrie ya tsaya da tsumma a hannu yana kallon akwatin. Dolina ta dube shi, ta tuna shi da Torquil tare suka yi kiwo suna yara, sai tausayinsa ya kama ta. Ya cire hularsa ya cusa a aljihu.

"Ku ɗaga," in ji shi, da muryar da yake faɗa wa maza.

Suka ɗaga. Torquil da ya koma kamar kara a gado, wanda take juyawa da hannu ɗaya, yanzu nauyinsa ya kusa cire mata kafaɗa. Norrie ya shige gaba yana caka sanda a ƙasa yana nuna inda za a taka. Laka ta haɗiye takalminta har ƙwauri, ta fizge, ta sake takawa. Can ya ɗaga Zabura, muryarsa na karyewa, mazan suka amsa daga baya, matan ma suka amsa, iska na kwashe rabin waƙar. Da hannunta ya mutu sai ta ji wani ya karɓa, ta juya ta ga Hector ne. Ta koma bayan layi yadda ta sha ganin maza suna yi daga nesa, tana tafe tana matsowa gaba har layi ya sake zuwa kanta. Daga nan ba wanda ya ƙara duba ko hannun mace ne ko na namiji.

Rana ta karkata kafin su hango teku, da katangar Kilvaran, da bangon cocin marar rufi. A ƙofar maƙabarta ƙafafun matan suka tsaya da kansu, don ba wadda ta taɓa shiga ranar binnewa. Makara ta tsaya tare da su.

Norrie ya waiwayo. "Kun kawo shi har nan. Ku ƙarasa da shi."

Kabarin na gefen na Peigi. Da aka zo rabon igiyoyin saukarwa, Norrie ya ba Ishbel ta kai, ya miƙa wa Dolina ta ƙafa ba tare da ya dube ta ba. Igiyar ta bi ta tafin hannunta da ya riga ya sale, tana zafi, har ta ji ta saki.

"An yi, Baba Torquil," ta ce a hankali.

Motoci sun zagayo ta kwalta don kwashe tsofaffin. Dolina ta saka Hector a ɗaya, ta rufa masa bargo a gwiwa, ta ce ita za ta taka. Bai tambaye ta dalili ba.

Ta hau tudu ita kaɗai. Yayyafin ya ɗauke, dajin ya yi tsit sai kukan tsuntsu ɗaya can nesa. A bakin dausayin ta tsaya. Sawun tafiyarsu na nan a baƙar laka, layi biyu, manya da ƙanana a haɗe, duk sun fuskanci teku, ruwa yana cika su a hankali.