Sifanoni Tara da Suka Rage

"Wannan ba ta Ingila ba ce," in ji Baba Musah, idonsa a rufe, babban yatsansa yana bin jikin sifanar. "Ta Sweden ce. Rubuta, Injiniya."

Ashafa ya rubuta a 'yar takarda, ya ɗaure ta da zare a wutsiyar ƙarfen. Ko takalmi bai cire ba tun da ya sauko daga aiki. Shi maƙwabci ne kawai, flat ɗinsa na sama, kuma ya gaji, wallahi ya gaji. Sati uku ke nan yana zaman rubuta sunayen ƙarafa masu tsatsa.

Baba Musah mutumin Kumasi ne, ya yi shekara talatin yana gyaran bas a Birmingham. Abin da ya tara a duniya shi ne sifanoni sittin da ɗaya, irin masu bakin da ake buɗewa a tsuke, duk tsofaffi, daga kasuwannin gwanjo. Ciwon suga ya cinye masa ido, zuciya kuma ta fara ja da baya. 'Yarsa Fusena za ta zo ran Asabar ta tafi da shi Manchester, flat ɗin ya koma hannun council, hukumar garin. Wani ɗan ƙaramin gidan tarihi ya yarda ya karɓi sifanonin, amma da sharaɗi: kowace da takardar wanda ya ƙera ta da zamaninta. Wadda ba ta da takarda, sai bola. Sunayen nan kuwa babu inda suke sai a cikin kan tsohon.

Ashafa ya miƙa masa wata baƙa mai kaushi.

"Ah, 'yar gida! Nan Tyseley aka yi ta, bas ɗaya daga unguwarmu Sparkhill. Ka ji kaushin nan? Ta lokacin yaƙin duniya ce. Ba su da sukunin gogewa, suna ƙerawa suna turawa." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Mutane ne suka yi ta, Injiniya, sun tashi da asuba kamar ni da kai. Ba na son a zubar da su ba suna."

Matsalar ita ce ƙarfin Baba bai wuce na awa ɗaya a yini. Bayan la'asar yake zuwa, kafin magariba ya tafi. Ran Alhamis saura tara.

Ran Juma'a Ashafa ya ɗauki half day, ya jera taran a kan tire, ya yanka takardu. Yana zama aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ashe liman ya yi sanarwa a masallacin Stratford Road cewa gobe za a tafi da Baba Musah. Sai ga jama'a, ka ce ɗaurin aure ake.

"Baba, ya jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"Allah Ya ƙara sauƙi. Ya ƙarfin jikin?"

"Da sauƙi."

Wannan ya tashi, wancan ya durƙusa. Kowa da ledar lemo, kowa da addu'arsa, kuma Baba ba ya amsa gaisuwa rabi. Sai ya tambayi mutum iyalinsa ɗaya bayan ɗaya, har da wanda yake jami'a. Ashafa yana rakuɓe da tire a cinya, yana kallon agogo, ransa yana ƙuna. Sau biyu ya buɗe baki zai ce a ba su minti ashirin, kunya ta rufe masa shi. Wa zai kori mai dubiya? Alhaji Abdulsalami, wanda ya girmi mahaifinsa, shi zai ce wa ya dakata saboda sifana?

Da na ƙarshe ya fita, Baba ya zame a kujera. Ashafa ya sa masa sifana ɗaya a tafin hannu. Yatsun suka motsa kaɗan, suka tsaya.

"Hannun ya yi barci," in ji Baba a hankali. "Da safe, kafin Fusena ta iso."

"To Baba, Allah Ya kai mu."

Da safe Murja, matar Ashafa, ta sauka da kunu. Ita ce ta hau da gudu ba kwanon, tana salati. Baba ya cika yana zaune a kujerarsa, da alama bayan sallar asuba ne, ga carbi a ƙasa. Fusena tana kan motorway lokacin da wayar ta same ta.

Mutanen jiya su ne suka yi masa wanka, su suka ɗauke shi, kuma babu wanda ya yi laifi a cikinsu. Wannan ne ya fi ci wa Ashafa rai, don bai ga wanda zai ji wa haushi ba sai kansa.

Bayan kwana goma mutumin gidan tarihin ya zo da akwatuna, Bature mai ladabi. Ya ɗauki hamsin da biyu. Ya juya taran a hannu, ya sa tabarau, ya girgiza kai. Tambarin ya shafe, ya ce, ba ido ba ne zai karanta wannan, ya yi haƙuri.

"Yaya Ashafa, ni ban san yadda zan yi da su ba," in ji Fusena, tana naɗe labule. "Skip ɗin bola yana waje. Gobe zan mayar da keys."

"Bar min su."

Ya zauna a ƙasan ɗakin da babu ko kujera, ya ɗauki biro da ragowar takardun. Ya daɗe bai rubuta komai ba. Bai san maƙerin ba, bai san shekarar ba, kuma ba zai yi wa tsohon ƙarya ba. A kan ta farko ya rubuta sunan Baba: Musah Rahman, Sparkhill. Haka ya yi har sau tara, yana ɗaurewa da zare, Fusena tana tsaye da labule a hannu.

Ya zuba su a buhun shinkafa ya hau matakala, suna ƙara a hankali duk taki ɗaya.