Farin da Yaya Tong Ta Bar Mini

A garinmu Hangzhou, idan mai zane ya bar fari a takarda, mai rubutu ya bar wa wurin zama. Zai yi duwatsunsa da itatuwansa da tawada, ya bar gefe guda fayau, sai a kira wani mai kyan hannu ya rubuta 'yan baitoci a wurin, ya sa sunansa, ya danna jan hatiminsa. Daga ranar sun zama abokan tafiya. Duk inda zanen ya je sunan mai rubutu na biye da shi, ko bayan ƙasa ta gama da su biyun.

Ni mai rubutu ne. Sunana Lou Peiyuan, shekaruna hamsin da 'yan kai, kuma idan ka taɓa neman taliya a unguwannin kudu da tafki, wataƙila ka bi ta ƙarƙashin aikina, domin allunan shaguna nake rubutawa. Wanda ya fi shahara yana saman ƙofar wani mai cire haƙori. Matata takan ce mutane da yawa sun kalli rubutuna suna hawaye, abin da ko manyan gwanaye ba su samu ba.

Ana nan sai Yaya Tong ta kira ni. Tong Suyun ba 'yar gidanmu ba ce, a ɗakin marigayi Malam Ji muka yi koyo tare, ta riga ni shiga, shi ya sa nake ce mata Yaya. Ita ta yi suna, ni na yi ƙiba. A shekarun nan ta fara haɗa tawada da allin zane, wannan mai taushi da ake murzawa da hannu, tsofaffin ƙungiyarmu ta masu zane da rubutu suna ta gunaguni wai alli na 'yan makaranta ne da Turawa.

Ta ce, "Ƙaramin Lou, har yanzu kana riƙe burushi, ko ka koma fenti da bokiti?"

Na ce, "Yaya, furfura ta kai mini kunne, har yanzu ƙarami?"

"Kunnen ne ya tsufa. Ka ji, na gama babban zanen. Bao mai zauren nuna zane zai baje shi ranar Asabar, daga nan gidan tarihi zai ɗauka, ba zai sake fitowa ba. Malam kafin ya rasu ya ce kada in saki babban aiki ban kira ɗan ɗakinmu ba, kuma kai ka rage mai rubutu. Ka zo da burushinka. Idan ka ga wuri, ka rubuta."

Ta turo mini hotonsa a waya. Can ƙasa ta hagu akwai busassun karan bado, baƙaƙe, sun karye sun sunkuya cikin ruwa, da wani guntun katakon tsayawar kwalekwale. Sauran duk fari ne. Kashi uku cikin huɗu. Na ce a raina, idan na ga wuri? Ai wannan gona ce aka ba ni gado.

Gidan tarihi! Mutumin da allunansa ke sauka duk lokacin da shago ya canza hannu, yau ga shi za a saka sunansa bayan gilashi, a sa masa mai gadi. Na tsara baiti huɗu a kan tafki da hunturu da tsufa. Na yi ta gwada su a tsofaffin jaridu har gidan ya cika, matata ta rasa inda za ta ajiye tukunya. Na sa aka gyara bakin hatimina. Na sayi sabuwar rigar siliki mai ruwan toka, irin wadda ke sa mutum ya yi kama da mai zurfin tunani ko da lissafin abincin rana yake yi.

Ranar Asabar da yamma ana yayyafi na isa zauren. Bao Dehai, mai wurin, ya tare ni tun daga ƙofa. Da can tayil ɗin banɗaki yake sayarwa, har yanzu kuma idan ya kalli zane sai ka ga kamar yana auna faɗinsa da tsawonsa.

"Babban Malam Lou! Shigo, shigo, kai ake jira!"

Kowa Babban Malam ne a wurin Bao, har mai kawo masa ruwa, amma duk da haka na ji daɗi.

Zauren ya cika. A bangaye an rataye ayyukan Yaya na 'yan shekarun nan, ƙanana, duwatsun tawada da sararin samaniya na alli ruwan goro da shuɗi. Ban tsaya kallo ba, ina ta maimaita baitocina a zuci. A tsakiya an ajiye dogon tebur, an shimfiɗa babban zanen a kwance, an rufe shi da siririyar takarda. Sai na gama rubutu za a saka shi cikin gilashi.

Tsoho Fan, wanda ke rubuta sharhi a mujallar ƙungiyarmu, ya matso da kofin koren shayi a hannu. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Lou, wannan riga fa? Aure za ka ƙara?"

"Aiki zan yi, Malam Fan."

"To ka kula, kada hannu ya saba ka rubuta 'ana cire haƙori ba zafi'."

Yaya tana zaune a kujera a gefen tebur, 'yar ƙaramar tsohuwa cikin rigar sanyi da ta koɗe, tana ɓare lemo. Na gaishe ta, ta miƙo mini hannu. Tafinta sumul kamar sabulun da ya kusa ƙarewa.

Na ce, "Yaya, me ya sami hannunki?"

"Aiki. Wayata ma ta daina gane yatsana, sai na roƙe ta. Ka ci lemo."

Bao ya yi jawabi. Ya ambaci shekara dubu, ya ambaci haɗuwar tsoho da sabo, ya ambaci sunana har sau biyu, ɗaya daidai. Wayoyi suka tashi sama. Ma'aikatansa suka janye takardar rufi a hankali, mutane suka ce "Kai!" kamar yadda ake cewa a irin wannan wuri. Ni kuwa na juya baya ina niƙa sandar tawada da ruwa a kan ɗan dutsenta, da natsuwar da na kwana biyu ina gwadawa a gaban madubi. Na tsoma burushi ya sha sosai, domin kalmar farko tana son nauyi. Na zagaya zuwa saman zanen ta dama, inda na riga na zaɓa tun a waya, na riƙe hannun rigata, na sunkuya.

Sai na ga babu takarda a wurin.

Wato takardar tana nan, amma ba ita nake gani ba. Abin da waya ta nuna mini fari ɗaya, fari ne iri-iri, an murza wani kan wani da alli. Akwai farin shinkafa da aka sauke yanzu, akwai farin cikin kifi, akwai farin numfashin mutum da sanyin safiya. Wani ya karkata zuwa shuɗi, kaɗan ƙwarai, sai ka kau da ido ka dawo kafin ka yarda. Wani yana da ɗumi a ƙarƙashinsa, kamar rana tana bayansa ba ta yanke shawarar fitowa ba. Hazo ne. Hazon tafkinmu na ƙarshen hunturu, wanda nake ratsawa kullum a kan keke ina zaginsa don yana jiƙa mini tabarau.

Na ƙara sunkuyawa. A daidai inda kalmata ta farko za ta sauka, akwai dutse. Ba a zana shi ba, ko layi ɗaya babu. Farin ne ya ɗan yi nauyi a wurin, kuma duk wanda aka haifa a garin nan ya san wane dutse ne, ya san hasumiyar da ke kansa, ko da ba a gani. Ƙasa da shi hazon ya rabu da ruwa, ban san yadda ta yi ba, fari a kan fari, amma ga sama ga ruwa, har ka ji ɗaya ya fi ɗaya sanyi. Kuma cikin garin allin, idan haske ya faɗo ta gefe, ana ganin sawun tafin hannu, dubbai, ƙanana, suna zagaye kamar yadda iska ke juya hazo. A wasu wuraren sawun yana da zanen fata. A wasu wuraren ya zama sumul.

Na manta da mutane. Na manta da baitoci, ko kalma ɗaya ban iya tunowa ba. Na ji sanyi a fuska, na rantse, a cikin zauren da na'urar ɗumama ɗaki ke ta aiki. Tun ina yaro nake kallon zane, kullum baƙin nake karantawa, farin kuwa in auna ko zai ɗauki baiti nawa. Ban taɓa tsayawa gaban fari ina jin kunyar yin numfashi ba sai ranar, domin garin allin ko ƙaƙƙarfan huci zai iya ɗaga shi.

"Babban Malam," in ji Bao a hankali, "ana ɗaukar hoto fa."

Muryarsa ce ta dawo da ni, kuma da na dawo sai na ga abin da ke faruwa a bakin burushina. Tawada ta taru. Ɗigo ya kumbura, baƙi wuluk, yana sheƙi, yana lilo, daidai saman dutsen nan da ba a zana ba. Idan na ja hannu da sauri zai faɗi. Idan na tsaya zai faɗi. Tawada a kan alli kuwa ba ta tsayawa inda ta sauka, ba ta kuma gogewa.

Na tura hannun hagu ƙarƙashinsa. Ya faɗo mini a tafi, da sanyinsa. Na dunƙule hannun, na ɗora burushin a kai, na ja da baya taku-taku kamar mai ɗauke da miya cike da kwano, har sai da na ji bayana ya taɓa bango. Tawada ta bi ta tsakanin yatsuna ta gangara cikin hannun riga.

Zauren ya yi tsit. Wayoyi suna nan a sama.

Bao ya yi 'yar dariya. "Babban Malam yana tattara ƙarfi ne. Haka manya suke yi."

Na ce, "Babu wuri."

"Na'am?"

"Babu wurin rubutu, Maigida Bao. A cike yake."

Ya dubi zanen, ya dube ni. Ya matso ya rage murya. "Malam Lou, ka rufa mini asiri. An buga sunanka a takardar gayyata. Ga mutanen gidan tarihi can a tsaye. Ko layi ɗaya ne, ko a can lungu, ɗan ƙarami."

Ba zan ɓoye ba, na nemi lungun. Idona ya bi gefen zanen kaf, sama da ƙasa, yana neman inda tafin Yaya bai kai ba, ko da faɗin farce ne, in danna hatimi kawai in gudu. Sunana bayan gilashi. Na duba har sau biyu. Ta kai ko'ina.

Tsoho Fan ya ce da ƙarfi, "Tsoro ya kama ango!" Wasu suka yi dariya. Shi ma ya matso da nufin ya ƙara wata, ya sunkuya kan zanen da kofinsa, sai na ga ya tsaya. Ya miƙa wa na kusa da shi kofin ba tare da ya dubi ko wane ne ba. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya sake sunkuyawa. Daga nan mutane suka fara matsowa ɗaya bayan ɗaya, suna sunkuyawa, hannu a baki, wayoyin suna sauka.

Na je wurin Yaya. Ta gama lemonta, tana tattara ɓawon a cinya.

Na ce, "Yaya, kin san babu wuri."

"Ni ban sani ba. Ni na yi shi, ba na iya ganinsa kuma. Shekara biyu ina ciki."

"Da na rubuta fa?"

"Da ka rubuta. Ai na ce idan ka ga wuri." Ta ɗago ta dube ni. "Ba zan hana ka ba, Ƙaramin Lou. Da na je gida na kwanta kwana biyu, shi ke nan. Baitocin suna da kyau?"

"Ban tuna su ba."

"To ba su da kyau." Ta ciro tsumma daga aljihu ta miƙo mini. "Goge hannunka, kana ɗiga a tayil ɗin Bao, kuma ya san kuɗinsa."

Bao ya riga ya koma gaban jama'a yana bayani cewa dama haka aka shirya, shirun ma rubutu ne, kuma a wuce gidan abinci na gaba akwai kifi da giyar shinkafa. Kaɗan ne suka motsa.

Ma'aikata huɗu suka zo ɗaukar zanen zuwa ɗakin baya, inda gilashinsa ke jira. Suka kama allon da ke ƙarƙashinsa, biyu nan biyu can, suka ɗaga. Ɗaya ya ɗan karkata wajen juyawa, sai na ji wata murya ta daka masa tsawa, ashe tawa ce. Na bi su a baya har ƙofa, baƙin hannuna a ɓoye a bayana, ina ta cewa a hankali, a hankali, kada ku yi numfashi a kansa.