'Yan Kunnen Abijan

Halidu ya shekara biyu a Abijan yana tallar agogo da tabarau. Ya bar matarsa Nasiba da ciki a ƙauyensu, hayin gulbi daga Tama, don haka bai taɓa ɗaukar ɗiyarsa Ni'ima ba. A waya kawai yake ganinta, kowace Juma'a bayan an sauko masallaci.

Da farkon damina ya aiko mata 'yan kunne ta hannun wani ɗan garinsu. Ƙanana ne masu ruwan zinariya, da ɗan dutse ja a gaba da murɗi a baya. Nasiba ta zare zaren da ke kunnen yarinyar tun ranar suna, ta sa mata su. Ranar Juma'a Halidu ya ce a juyo masa kanta dama, a juyo hagu, yana ta dariya.

Kwana goma bayan haka kunnen hagu ya yi ja. Ni'ima ta riƙa sosa shi. Nasiba ta cire, sai surukarta Inna Furera ta gani.

"Mi ya sa kin ka hidda su?"

"Inna, kunnen na ya yi ja."

"Sabon ƙarhe haka yake, kunnen za ya saba. Yaron nan da guminshi ya sawo su. Ran Juma'a in ya kira ya ga kunne wayam, mi za ki ce mishi?"

Nasiba ta ɗauko 'yan kunnen. Ta mayar, ta murɗa sosai don kada yarinyar ta fizge ta kai baki. Juma'a biyu tana riƙe wayar ta wajen kunnen dama.

Ranar wata Talata aka kwana ana ruwa. Da safe jikin Ni'ima ya yi zafi, kunnen ya kumbura har ya haɗiye murɗin baya, ba a ganin komai sai jan dutsen. Nasiba ta gwada kwancewa, yarinyar ta ƙwalla ƙara ta ƙanƙame ta. Ta goya ta, ta nufi likita, wato asibitin Tama.

Gulbi ya cika baki da baki, yana jan itatuwa. Masu moto sun jingine baburansu a gindin itacen bedi suna kallo. Ɗaya ya ce mata ko raƙumi ba ya ƙetarewa yau. Tana hango rufin kwanon likitar a hayi. Ta tsaya har rana ta take, zafin yarinyar na ratsa bayanta, ruwa bai ragu ba.

Ba ta koma gida ba. Ta wuce maƙerar Ɗanmaraya, tsohon da ke ƙera wa matan ƙauyen zobban azurfa. Ya duba kunnen ya daɗe.

"Wanga ba zinariya ba ce, ɗiyata. Ƙarhe na an ka shafe. Kin kuma matse shi da yawa, kunne bai samu wurin shaƙatawa ba."

"Baba, za ka iya hidda shi?"

"Ni ba likita ba ne. Kan ɗan kunnen zan iya yankewa, shi ke nan."

Ya sa ɗan awartakinsa a wuta, ya bari ya huce. Nasiba ta danne kan Ni'ima a cinyarta, ta kawar da fuska. Ta ji ƙas, jan dutsen ya faɗi cikin toka. Tsohon ya tura sandar a hankali ta fita ta baya, ruwa da jini suka biyo. Ya kwance na daman da yatsa, ya miƙa mata.

"Ƙaramin yaro zare ya ishe shi. In dole sai an yi ado, azurfa tsantsa, sumul, marar nauyi."

A gida Inna Furera ta ga guntayen a tafin hannun Nasiba, ba ta yi mata magana ba har washegari.

Sai ranar Alhamis gulbi ya ba da hanya. A Tama majo, babban ma'aikacin asibitin, ya wanke kunnen, ya ba da magani, ya ce a bar hujin ya toshe, kada a sake huda shi sai yarinya ta yi wayo.

Ranar Juma'a Nasiba ta nuna wa Halidu kunnen da auduga a kai, ta faɗa masa komai.

"Mai kantin ya rantse mini zinariya ce," ya ce. "Bari, zan sawo wasu da sun ka hi su. Da Salla nika son in gan ta da su."

Salla saura wata guda. Inna Furera na zaune a bakin ƙofa tana tsince wake, tana jin komai.

"To," in ji Nasiba.