Igiyar da Na Shimfiɗa wa Anyeko

Ni dai ban yi karatun likita ba, kada wani ya ɗauka haka. Unguwarzoma ce ni, a ƙauyenmu da kuma sansanin da aka tara mu lokacin yaƙi. Bayan an watse kowa ya koma kangon gidansa, sai wata ƙungiya ta zo neman tsofaffin mata masu haƙurin sauraro, aka ce a ɗauki Mego Dorotiya, wato ni, Mego kuwa inna ke nan a yarenmu. Ƙawata Karolina ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce matar da bakinta ba ya rufuwa ko tana cin tuwo, ita ce za a koya wa sauraro? Na ce mata ai gara ni da ke, da kike gardama da limamin coci yana tsakiyar wa'azi.

Aka kai mu birnin Gulu, muka yi mako shida. Abu biyu na riƙo. Na farko, ana shimfiɗa zare a ƙasa, a ce wa mutum ga rayuwarka, nan aka haife ka, can kuma yau ce. A ba shi furanni da duwatsu. Ranar daɗi ya ajiye fure, ranar baƙin ciki ya ajiye dutse. Daga nan kowane mako a ɗauki dutse guda a yi maganarsa tun daga farko har ƙarshe, har ya rage nauyi. Na biyu, abin da aka faɗa maka a wurin zaman ba ya fita, ko ga miji, ko ga uwa. A kan wannan har hannu muka ɗaga. Da na dawo aka ba ni benci a gindin wata kaɗanya bayan ƙaramin asibitin garinmu, duk ranar Alhamis.

To, Karolina 'ya'ya mata biyu Allah ya ba ta, shi ya sa kowa ke kiranta Min Anyeko, wato uwar Anyeko, da sunan babbar. 'Yan tawaye sun kwashe su rana ɗaya a hanyar rijiya, Anyeko tana da shekara sha huɗu, ƙanwarta Lamwaka tana da sha ɗaya. Bayan shekara huɗu Anyeko ta dawo ita kaɗai. Ta taka ɗanyen ƙwai a bakin gida kamar yadda ake sa duk wanda ya dawo daga daji, ta shiga, ta ci abinci, ta yi aure daga baya, ta haifi uku. Amma duk wanda ya tambaye ta ina Lamwaka, sai ta kalli ƙasa ta ce an raba su. Ina aka raba ku, yaushe, da rai ko ba rai? Sai ta maimaita, an raba su.

Kuma a wurinmu ba a yi wa mutum makoki sai wanda ya gani da ido ya ce ya mutu. In ka yi kukan mutuwar mai rai, kamar kai ka tura shi. In kuwa ya mutu ba a yi masa ba, yana can a waje yana yawo, ba shi da gida. Saboda haka Karolina ta ware akuya guda. In Lamwaka ta dawo, a yanka ta a yi murna. In an tabbatar ta mutu, a yanka ta a kira ta gida a sallame ta. Akuyar ta tsufa ta mutu, 'yarta ta gaje ta, ita ma haka. Lokacin da nake ba ku labari ta huɗu ce a ɗaure a turke, kowa a unguwa akuyar Lamwaka yake ce mata.

Shekarar nan tari ya kama Karolina, irin wanda ba ya saki. Ta zo ta zauna a bencina ba don a saurare ta ba, ta ce tunda yanzu an mayar da ni mai buɗe bakin mutane, to in buɗe mata na 'yarta kafin ta kwanta. Ba ta son komai sai ta san wace irin yanka za a yi wa akuyar nan. Na ce aikin ba haka yake ba, ba a jan mutum da ƙarfi. Ta ce, "Ke kika jawo ta daga cikina da ƙarfi, yau ne za ki ji kunya?"

Anyeko ta zo, don uwarta ta matsa mata. Zama biyu na farko lafiya lau. Ta gaya mini ba ta iya cin nama, ba ta iya tsayawa a layi ko na niƙa ne, in yaranta suna wasa suka yi ihu sai ta tsinci kanta a bayan rumbu ba ta san yadda ta je ba. Na ce mata ba hauka ba ne, ba kuma aljani ba ne, tsohon tsoro ne da bai san yaƙi ya ƙare ba. Ta ɗago ta dube ni sosai a karon farko. Na koma gida ina jin kaina kamar wata babba.

Zama na uku shi ne na shimfiɗa zare. Zaren da aka ba mu a Gulu siriri ne, ja, mai laushi kamar na saƙa. Nawa na riga na ɗaure bakin buhun tamba da shi, na manta. Da safe na duba ban gan shi ba, sai na ce ai zare zare ne. Na kwance sabuwar igiyar da na saya don awakina, mai kauri, mai kaushi, har ina cewa a raina wannan ta fi, rayuwar Anyeko ba ta siririn zare ba ce. Na tsinko furannin kabewa, na tara duwatsu a kwano.

Tana isowa na warware igiyar a gabanta, na miƙe ta a ƙasa, na ce, "'Yata, zo ki tsaya a nan, wajen bakin."

Ba ta yi ihu ba. Hannayenta biyu ta kai ƙugunta ta riƙe, kamar mai neman kwance zani. Idonta a buɗe amma ba ni take gani ba. Sai na ga ruwa yana bin ƙafarta zuwa ƙasa. Mace mai 'ya'ya uku, da rana tsaka, a bayan asibiti. Ta juya ta tafi, ba gudu ba, tafiyar wanda aka ce in ya waiwaya ya mutu.

Ni da na zauna a ƙasar nan duk tsawon yaƙin. Ni da na wanke ƙugun yara nawa da suka dawo da zoben gyambo a jikinsu. Wa bai san da irin wannan igiya ake jera su ba, ƙugu da ƙugu, a kora su daji? Na sani sarai. Kawai ranar nan tunanina yana kan darasin Gulu, ban ga igiya ba, rayuwa na gani.

Alhamis bakwai ba ta zo ba. In ta hango ni a kasuwa sai ta canza layi. Karolina kuwa tana ramewa, tana aiko mini da tambaya, wai ina aka kwana. Na kasa gaya mata abin da na yi.

Da aka fara yankan riɗi na ɗauki laujena na tafi gonar Anyeko ba tare da an gayyace ni ba. Na kama kunya guda ina yanka. Ba ta ce mini sannu ba, ba ta kore ni ba. Sai da rana ta take muka zauna, ta ɓare dafaffen rogo ta miƙo mini rabi. Na ce mata na yi wauta, wautar da ko yaro ba zai yi ba, ba kuma na zo ne don ta dawo ba. Ta daɗe tana tauna.

"Mego, igiyar tana nan?"

Na ce na jefa ta bayan ɗaki, na samo jan zaren.

"Waccan za ki kawo. Jan zaren ba nawa ba ne."

Ranar Alhamis ita da kanta ta shimfiɗa ta. Ta ajiye fure biyu a farko, ɗaya na ranar da aka haifi Lamwaka, don ta tuna uwarsu ta bar ta ta ɗauke ta. Ta jera duwatsu. Sannan ta tashi ta je gindin kaɗanyar ta ciccibo wani dutse da ba na cikin kwanona, babba, sai da hannu biyu, ta dire shi a kan igiyar. Mako uku muna zagaye shi. A na huɗu ta faɗa.

Su shida ne a igiya ɗaya, Lamwaka tana bayanta. Kwana tara suna tafiya da kaya a ka. Ƙafafun yarinyar suka kumbura suka fashe, tana faɗuwa tana jan sauran. Kusa da kogin Aswa aka kwance ta, aka karyo itace aka ba sauran biyar ɗin, aka ce su doke ta har ta mutu. Aka ce yayarta ce za ta fara, in ta ƙi a haɗa su. Ta fara. Ta gaya mini kalar rigar, da irin itacen, da abin da Lamwaka ta kira ta da shi. Wannan na ƙarshen ba zan faɗa muku ba.

Na yi abin da aka koya mini. Na riƙe ta da magana, ina tuna mata nan gindin kaɗanya ne, ga ƙarar injin niƙa, ga ƙafarta a ƙasa. Na ce yarinya ce 'yar sha huɗu da bindiga a kanta. Ta ce ta sani, sani bai taɓa hana ta gani ba. Da numfashinta ya dawo sai ta kama hannuna ta ce in tuna na yi rantsuwa. In ta ce Lamwaka ta mutu, dattawa za su zaunar da ita su tambayi yadda aka yi, don ba a kiran mamaci gida sai an san hannun da ya taɓa shi. In ta yi ƙarya a gaban kabarin kakanni, tana tsoron abin ya faɗa kan 'ya'yanta. In ta faɗi gaskiya, dangin mijinta za su ce jinin yana binta, su karɓe yaran. Sannan uwarta za ta mutu tana kallon hannayenta.

Na kira malamar da ta koyar da mu a waya, ban ambaci suna ba. Ta ce labarin na mai shi ne, in ba ran wani ne ke cikin haɗari ba, ba ni da ikon taɓa shi, in dai ci gaba da zama da ita har ta shirya. Na ce uwar ba ta da lokacin jira. Ta ce ta sani, Mego, ta sani.

Mun gwada. Muka yi ta maimaita kalmomi huɗu kacal a gindin bishiya, inna, Lamwaka ta rasu. Sau uku ina raka ta har ƙofar ɗakin Karolina. Sau uku tana shiga, ta gyara mata shimfiɗa, ta ba ta kunu, ta fito. Ta ce da ta buɗe baki sai ta ji igiyar ta tsuke.

Ranar Talatarta ta ƙarshe a duniya na kai wa Karolina miyar yakuwa da gyaɗa, wadda take so, ko cokali biyu ba ta sha ba. Ta sa aka fitar da ita inuwa, inda take hango turken. Ta ce mini miyar ta yi tsami, tun muna 'yan mata ban iya ta ba. Na ce wanda ba ya ci ba shi da bakin kushe. Muka ɗan yi dariya, tari ya katse ta.

"Dorotiya, na san ta gaya miki. Tafiyarki ta canza."

Na ce ba a tambayata wannan.

"Ban ce ki faɗa mini abin da ta ce ba. Ki dubi akuyar can kawai ki gaya mini. Ta murna ce ko ta makoki?"

Shekara sittin muna tare da matar nan. Ni na karɓi haihuwar 'ya'yanta duka biyun. Kalma ɗaya take nema, kuma tana bakina, ina jin ɗanɗanonta. Amma na san Karolina, in na ba ta ɗaya, kafin rana ta faɗi ta tara dattawa, su kuma su kira wadda ta gani. Na dubi akuyar, tana ta cin ɓawon rogo. Na dubi ƙasa, daidai yadda Anyeko ke yi.

Ta jira ni har ta gaji. Sannan ta ce, "Lallai sun koya miki." Ta juya fuskarta ga bango, ta ce a mayar da ita ciki.

Ranar Asabar ta cika. Bayan an rufe ta a bayan ɗakinta, dattawa suka zauna rabon 'yan kayanta, aka zo kan akuya. Wani ya ce a yanka ta cikin na makokin uwar, a huta. Babban kawunsu ya ce ba ta Karolina ba ce, ta Lamwaka ce, kuma har yau ba wanda ya ce Lamwaka ta mutu. Ya juya ya dubi Anyeko, kowa ya dube ta. Ni ma na dube ta, ina addu'a a cikina ban ma san me nake roƙo ba.

Ta tashi ta je turken. Ta dubi igiyar da aka ɗaure akuyar da ita, sannan ta sunkuya ta kwance ta da hannunta, ta ja akuyar ta nufi gidan mijinta.

Har yanzu tana zuwa ranar Alhamis, ba kullum ba. Ta fara tsayawa a layin niƙa in ba mutane da yawa. Ƙananan duwatsun mun ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, babban kuwa da mun shimfiɗa igiya take ɗauko shi ta mayar wurinsa, mu zauna mu dube shi. Wani lokaci ta ce wataƙila in yaran sun girma za ta faɗa. Ni kuma in ce to.

Wancan watan ta gaya mini akuyar ta haihu, mace. Ta ce za ta ware ta.