Kabari a Hayin Kogi

Ranar Litinin mahaifin Thirza Raistrick ya cika, har Laraba kuwa ko ɗigon hawaye bai zo mata ba. In an miƙa mata abinci ta ci, in an yi mata gaisuwa ta gyaɗa kai. Magana ɗaya ce ta tsaya mata a rai, wadda ya yi ta nanatawa a gadon asibiti: a kwantar da shi kusa da mahaifiyarsa, wadda ta rasu tun yana ƙarami.

Goggonta Enid, ƙanwar mahaifin, ta riga ta gama shiri. Za a haƙa masa a makabartar cocin ƙauyensu, Skelby, gefen wani ɗan tudun kabari marar dutsen suna inda ta yi shekara da shekaru tana ajiye furanni a kwalba.

"Goggo, wa ya ce miki nan take?"

"Sai an ce mini? A Skelby muke, a Skelby ta mutu. Ina za a kai ta, Faransa?" Ta turo mata kofi. "Sha shayinki, Malama. Digirin naki ba zai hana shi hucewa ba."

Aikin Thirza ke nan a ma'adanar tarihi ta birnin York, nemo wa mutanen Kanada da Ostareliya kakanninsu, ta kuma sha ganin yadda sunan ƙauye ke ɓatar da mai nema. Ta zura takalman robar mahaifinta ta nufi kangon gidan gonar da aka haife shi a ciki.

A cikin shinge ta sami dutsen iyaka, ya ɗan kwanta. Harafin S a fuska ɗaya, K a ɗayar. Kangon yana ɓangaren K. Gonakin nan na Kirkholme ne tun kafin kogi ya sauya hanya, wata ikilisiya daban, a wata tsohuwar gunduma daban. Mutanen gidan suna cin kasuwa a Skelby, amma baftisma da aure da jana'iza sai a cocin Kirkholme, a hayin kogi. Can ake ƙetarawa da gawarsu.

Ta bi ta gada. A bayan cocin Kirkholme ta yi ta kankare gansakuka da makullin mota, dutse bayan dutse, har sunan kakarta ya fito: Dorcas Raistrick. Ta tsaya tana jiran ta ji wani abu. Sanyi kawai ta ji a yatsun ƙafa.

Limamin cocin ya ce makabartar ta cika, an daina sabon kabari, amma ɗa zai iya shiga na uwarsa.

Goggo Enid tana yanka burodi lokacin da Thirza ta faɗa mata. Wuƙar ta tsaya.

"To ni wa nake kai wa fure?"

"Ban sani ba, Goggo."

"Ba ki sani ba! Ashe akwai abin da ba ki sani ba." Ta goge hannu a jikin riga. "Ke da ba sai ki bar ni da abina ba? Wa zai gane? Shi dai ya tafi."

"Kusa da ita ya ce. Bai ce kusa da kwalbarki ba."

Thirza ta san maganar ta yi kaifi, ba ta kuma janye ba. Goggo ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Thirza ta kira masu haƙa ta dakatar da su, ta bi 'yan uwa ɗaya bayan ɗaya ta sanar da su sabon wuri, ta haɗiye gunagunin kowa. Ranar Alhamis ba wadda ta yi wa wata magana a gidan.

Juma'a aka tashi da yayyafi. Har aka sauke akwatin gawar a Kirkholme, Goggo ba ta zo ba, Thirza kuwa ta ƙi waiwaye. Sai da ta watsa tata ƙasar a kabarin ta ji numfashi a bayanta. Tsohuwar ce, da laka har gwiwa, riƙe da kwalba. Ta daɗe tana kallon sunan da ke kan dutsen, sannan ta durƙusa da ƙyar ta ajiye. Furannin ba su cika kwalbar ba.

"Rabi na bar a Skelby," ta ce, ba ta dubi Thirza ba. "Ko waye a can, ya saba."

Thirza ta miƙa mata hannu. Goggo ta kama ta miƙe, ta ce hannun kamar ƙanƙara, ta cusa shi cikin aljihun kwat ɗinta.