Mai Baki Biyu da Rigar Malam

Yayana Bilyaminu bai taɓa riƙe aiki ya kai damina biyu ba, kuma surukinsa Malam Mahmuda ya sani sarai. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a sai aka shiga dasa shingen fulawa a sababbin masaukan baƙi na Kaura, Shinkafi da Zurmi, ana neman mai askinsu. Yaya ya rantse wannan karon sai Malam ya daina kallonsa ta ƙasan tabarau.

Ya tafi Gusau sayen injin askin shinge. Maitama mai shago ya ajiye masa guda biyu.

"Wannan mai baki ɗaya ne, ya fi tsawo, bayansa ba kaifi, dogon shinge yake so. Wancan baki biyu gare shi, yana ci gaba yana ci baya. Sai hannun da ya saba."

"Ka ga na yi kama da mai baki ɗaya?" in ji Yaya.

Shi ke nan fa shawarar. Mutumin da ko almakashi bai iya riƙewa ba. Ya ɗauro mai baki biyu a bayan babur, ya ratsa da shi ta tsakiyar kasuwa don kowa ya gani.

Ranar gwaji a masaukin Kaura na ce, "Yaya, ka sa tsohuwar taguwarka." Ya ce shi ɗan kwangila ne, ba lebura ba. Wallahi sai da ya aika matarsa Laila gidansu ta aro masa babbar rigar Juma'ar Malam, farar shadda mai aikin hannu. Ni kuwa na bi shi, don raina ya ba ni akwai kallo.

Jami'in masaukin ya zauna a inuwa. Yaya ya tattara hannun riga a kafaɗa, ya ja igiya, inji ya ɗauka. Zuwan farko ya yi kyau, ban hana shi ba. Da ya dawo da hannu sai riga ta zamo daga kafaɗa, kamar yadda kowace babbar riga take yi tun da aka fara ɗinka ta. Bakin baya ya cafke ta. Kafin ya lalubo makashin, shadda ta tsage daga aljihu har gwiwa, zare ya rataye a kan fulawa.

Jami'in ya ce, "Allah ya kiyaye gaba," ya kira mai neman aikin da ke bayan Yaya a layi.

Na ji tausayinsa, amma dariya ta fi ƙarfina.

Malam ya karɓi rigarsa da aka mayar masa. Ya kai abin da ya rage wurin tela, aka fitar da 'yar shara marar hannu, ya aiko Laila da ita.

"Baba ya ce a gaishe ka. Ya ce wannan ce ta aiki, in an samu aikin."

Kyautar suruki ba a mayarwa, ba a kuma ɓoyewa. Da ita Yaya yake zuwa gaishe shi duk Juma'a.