Taken Bappayo

Sara uku a jere, ɗan tsayawa, sai biyu. Haka addar Bappayo take faɗawa kan ƙashin saniya tun hantsi, bai kuwa lura ba sai da Najmuddeen, maƙwabcinsa a layin mahauta na kasuwar Azare, ya ɗago kai yana dariya.

"Kai mutumina, nama kake sara ko takenka kake kaɗawa?"

Bappayo ya dubi hannun kamar ba nasa ba. Ya yi ƙoƙarin sauya saran, hannun ya ƙi.

Shekara uku ke nan rabonsa da fagen dambe. A da, in kaka ta yi, daga Disina har Gololo babu filin da ba a san shi ba. Kowane ɗan dambe da takensa, kiɗan da makaɗi ya ƙera masa shi kaɗai, wanda in ya ji dole ya miƙe ko da zazzaɓi yake yi. Nasa Baba Sherif mai kalangu ne ya yi masa tun gemu bai fito masa ba.

A kakar 2003, a Katagum, wani baƙo ya kai shi ƙasa a turmi na biyu, wato zagaye na biyu na karawar. Ba faɗuwar ce ta dame shi ba. Yana durƙushe cikin rairayi sai ya ji wani sanyi a ransa, kamar an sauke masa buhun gero daga ka. Ya gane ya daɗe yana shiga fage ba da so ba. Nan take ya kwance zaren hannunsa, ya nufi makaɗin a gaban jama'a.

"Baba, na bar maka taken. Ka ba wanda ka ga dama."

"Ba a faɗin haka, ɗana. Je ka huce tukuna."

"Na riga na faɗa."

Daga nan sai kasuwa, sai gida. Ko a rediyo aka sako kiɗan dambe, murɗewa yake yi.

Amma tun ranar da Najmuddeen ya yi masa wannan ba'a, abin ya ƙi barinsa. Ya fara gudu bayan sallar asuba, ya rataye buhun yashi a bishiyar darbejiyar tsakar gida. Matarsa Dijatu tana kallonsa daga bakin murhu.

"Baban Zinatu, shekara uku kana cin tuwona kamar magani. Yau ga ka har da neman ƙari."

"To, laifi ne?"

"Ni na ce laifi? Sai dai ka je ka gaida Baba Sherif, ka kai masa goro, ya san ka dawo."

Bai je ba. Kunyar maganar da ya yi ta hana shi. Ya ce a ransa gara tsohon ya gan shi kwatsam a fage, kalangun ma da kansa zai tuna.

Ranar wata Asabar bayan la'asar ya hau mota zuwa Katagum, wurin damben kaka. Ya naɗe hannun dama da zare a bayan wata rumfa, ya ɓoye shi cikin riga, ya zauna can baya. Ya hango Baba Sherif, ya ƙara furfura, kalangu a hammata. Aka yi wasa biyu, aka yi na uku.

Sai ga shi. Uku a jere, ɗan tsayawa, biyu.

Bai san lokacin da ya miƙe ba. Ya tuɓe riga, ya ratsa mutane, ya ɗaga hannu sama, kirari ya cika masa baki. Ashe tsohon ya gan shi! Sai da ya kai tsakiyar fili ya ga wani dogon saurayi tsaye a gabansa, shi ma hannu a sama, jama'a suna ta kiran Abdulrahim, Abdulrahim na Gololo.

Dariya ta ɓarke a fili.

"Wa ya kira wannan?"

"Malam, koma ka zauna, ba kai ake wa ba!"

"Ku bar shi, ƙila kuɗin cefane ya faɗi a ciki!"

Kalangu ya tsaya. Baba Sherif ya tako a hankali, ya ƙura masa ido.

"Bappayo? Kai ne?"

"Ni ne, Baba. Na ji kira."

"Ba kai na kira ba, ɗana." Muryarsa ta yi ƙasa. "Shekara guda na ajiye taken nan ban taɓa shi ba, ina jiran ka zo. Ko saƙo ba ka aiko ba. Yaron nan ya roƙa, kai kuma da bakinka ka sake shi."

Saurayin ya sauke hannu, ya ɗan rusuna. "Yaya, wallahi don kai na so shi. Ina ganinka a Gololo tun ina ƙarami."

"Take ba ya tashin mutum biyu," in ji tsohon. "Shekara biyu yana kayar da maza da shi. In na karɓe yau, da me zai miƙe? Tsaya in yi maka wani."

Ya matse kalangun, ya fara laluben wani sabon kiɗa, yana kallon ƙafafun Bappayo. Kiɗan mai daɗi ne. Bappayo ya saurara da gaske, ya jira tsikar jikinsa ta tashi, ya jira ƙafa ta motsa. Babu abin da ya motsa. Baba Sherif ya sauya, ya sake sauyawa, gumi yana bin furfurarsa. Jama'a suka fara gunaguni, rana tana sauka.

"Baba, a yi wasa mana!"

Tsohon ya sunkuyar da kai, ya juya ga saurayin, ya saki taken na asali. Jikin Bappayo gaba ɗaya ya amsa, har yatsun da ke cikin zaren suka dunƙule. Bai taɓa son dambe kamar a wannan lokacin ba. Ya ja da baya zuwa bakin fili, ya ga Abdulrahim ya shiga da kyau, ya ga yadda yake kare fuska da hagu, ya ga ya kai abokin karawarsa ƙasa tun a turmin farko.

Mutane suka ruga cikin fili suna ihu. Bappayo ya tsinci rigarsa da aka tattake, ya kaɗe ta, ya bi ta bayan rumfuna zuwa tasha.